Kirefish Ɗina Na Tserewa Daga Tanki: Tambayoyi Da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa kiwon kirefish a tankin gilas, in hira ta yi nisa sai ya ba ka labarin ranar da ya wayi gari ya tarar da tanki wayam. Kifi inda ka ajiye shi nan za ka same shi. Shi kuwa kirefish, ɗan'uwan jatan lande da ke zaune a ruwan daɗi, mai manyan hantsaki biyu irin na ƙaguwa, ƙafafu gare shi, kuma ya san amfaninsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin masu kiwo suka fi yi, galibi bayan abin ya riga ya faru da su.

Da gaske zai iya fita? Ai gilas santsi gare shi.

Gilas ɗin kansa ba ya hawuwa, wannan gaskiya ne. Sai dai ba gilas kaɗai ke cikin tankinka ba. Akwai tiyon iska, akwai wayar hita, akwai bututun matacin ruwa, ga dogayen tsirrai, ga kuma silikon ɗin da aka liƙe kusurwoyin tankin da shi. Kirefish ƙafa goma gare shi. Biyun gaba su ne manyan hantsakan nan, sai takwas na tafiya, kuma huɗu daga cikin takwas ɗin suna da 'yan ƙananan hantsaki a bakinsu. Da waɗannan ƙananan yake damƙe abu siriri kamar tiyo, ya riƙa jan jikinsa sama a hankali. A cikin ruwa ba shi da wani nauyi, don haka hawan ba ya ba shi wahala har ya kai saman ruwa. In hantsaki ɗaya ya kama bakin tanki, magana ta ƙare.

Kuma fita daga ruwa ba ta ba shi tsoro kamar yadda take ba kifi. Gaɓoɓin da yake numfashi da su suna ɓoye a ƙarƙashin ɓawon ƙirjinsa, daga gindin ƙafafu, cikin wani ɗan kogo mai riƙe danshi. Muddin wurin nan bai bushe ba, yana iya shaƙar iska a tudu.

To me yake nema a waje? Ina ba shi abinci, ruwan kuma tas yake.

Dalilan iri biyu ne, kuma ya kamata ka raba su tun yanzu.

Na farko hali ne, hali kuwa zanen dutse. A daji kirefish ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Jan kirefish na fadama, wanda masana ke kira Procambarus clarkii, asalinsa kudancin ƙasar Amurka ne da arewacin Meziko, inda ruwa kan cika fadamu sannan ya janye. An san shi da fitowa tudu cikin dare mai danshi, musamman bayan ruwan sama, ya kama hanya neman wani kududdufin. Wanda ke tankinka bai san cewa bayan gilas ɗin daɓe ne da kujeru ba. A ganinsa akwai wani ruwan can gaba. Ko da komai na tankinka daidai yake, wata rana sai ya gwada.

Na biyu shi ne gudun tsira, kuma shi ne abin damuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Kirefish ɗin da ya yi watanni yana zaune lafiya, kwatsam ya koma kullum yana saman ruwa yana neman hanya, akwai abin da ya kore shi daga ƙasa. Mafi yawan lokaci ƙarancin iskar oksijin ne. Shi mazaunin ƙasan tanki ne, can kuwa nan ne iska ta fi ƙaranci, nan ne kuma ragowar abinci ke ruɓewa tana cinye 'yar wadda ta rage. Zafi na ƙara dagula lamarin: ruwan daɗi mai zafin digiri 20 na Salsiyas yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma in ya kai digiri 30 sai ya koma wajen 7.5, alhali a lokacin ne jikin dabbar ya fi buƙatarta.

Bayan iska sai amoniya da naitirayit, dafin da ke taruwa daga kashinsa da ragowar abinci. Ido ba ya ganinsu. Ruwa na iya zama garai-garai kana ganin kowane dutse, amma yana ƙona masa wurin numfashi. Sai kuma abokin zama mai cin zali, rashin maɓoya, da yunwa.

Ta yaya zan gane yawo ne kawai ko kuwa wani abu ne ya lalace?

Duba lokaci, ka duba yanayinsa. Kirefish dabbar dare ce. Wanda ya fito bayan an kashe fitila, ya zagaya, ya hau tiyo ya sauko, ya koma raminsa kafin gari ya waye, wannan yawonsa yake yi. Amma wanda ka gani da rana tsaka ya maƙale a saman matacin ruwa, ko ya kwanta ta gefe ɗaya a saman ruwa rabin jikinsa a waje, wannan iska yake nema. Kada ka tsaya kallo. Ka gwada ruwan nan take da kayan gwajin da ake ɗiga magani a ciki, ka canza wajen kashi ɗaya cikin uku da ruwan da aka cire wa kilorin, ka ƙara ƙarfin famfon iska.

Amoniya da naitirayit sifili ya kamata su nuna. Ba kaɗan ba, sifili.

Ni na koyi wannan ne da kuskurena. Wata rana na ga soson matacin ruwa ya yi baƙi ƙirin, sai na ɗauke shi na wanke tas a bakin famfo, ina jin na yi aikin kirki. Kwana uku bayan haka na tarar da nawa ya hau kan soson, bayansa a waje, 'yan gaɓoɓin bakinsa suna ta kaɗawa. Na ɗiga maganin gwaji, ruwan kwalbar ya rine. Ashe kilorin ɗin famfo ya kashe ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin soson suna narkar da dafin. Tun daga ranar, a cikin ruwan da na ɗebo daga tankin nake matse soso, kuma ba na neman ya yi fari.

Wane irin murfi ya fi?

Wanda ya rufe tankin daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma ba ya ɗaguwa daga ciki. Murfin gilas ya fi mini, saboda yana da nauyi kuma babu abin kamawa a jikinsa ta ƙasa. Murfin roba mara nauyi da kan zo tare da tanki an yi shi ne don kifi. Babban kirefish in ya samu wurin tokare ƙafafunsa, sai ya sa ƙeya ya ture shi. In irinsa gare ka, ka sa masa maƙalai a gefe biyu, ko ka ɗora masa wani abu mai nauyi wanda ba zai faɗa ruwa ba.

Raga ma tana yi, in ta roba ce mai ƙananan idanu kuma an ɗaure ta a firam mai ƙarfi. Sai dai ka sani, in ya kai gare ta zai riƙa tafiya a jikinta kai ƙasa yana lalube har ya samu inda ta saki. Ka guji ragar ƙarfe mai tsatsa, ka kuma nisanci duk abin da ke da tagulla, domin tagulla dafi ce ga kirefish da danginsa, ko da 'yar kaɗan ce ta narke a ruwa.

Akwai murfi, amma duk da haka ya fita. Ta ina?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kusan kowane murfi ana yanke masa ƙofa ta baya domin bututu da wayoyi su wuce. Abin dariyar shi ne, tsanin da ƙofar wuri ɗaya suke: tiyon da yake hawa shi ne ke kai shi daidai bakin ramin.

Wani dare na zauna a gaban tankina da 'yar tocila mara haske sosai, don in ga da idona. Wajen ƙarfe ɗaya ya fito daga cikin bututun da yake kwana. Bai nufi abinci ba. Ya bi jikin gilas yana taɓa shi da dogon gashin bakinsa har ya isa kusurwa, ya kama tiyon iska, ya fara hawa. Ya zame ya faɗo. Ya sake hawa. Da ya kai sama sai ya zura hantsaki ɗaya ta ramin da tiyon ya bi, ramin da bai fi kaurin babban yatsana ba, ya karkata jikinsa yana gwadawa. Na daɗe ina ganin ramin nan ina cewa ya yi masa ƙanƙanta. Shi bai yarda da lissafina ba.

Don haka kada ka auna rami da faɗin hantsakansa in ya buɗe su. Yana iya miƙe su gaba ɗaya bayan ɗaya. Ka auna da kaurin ƙirjinsa, sannan ka ɗauka ko wanda bai kai haka ba ma abin toshewa ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yanko soson matacin ruwa mai tauri, ka tsaga shi, ka rungume tiyon da shi, ka cusa a ramin ya matse sosai. Ka riƙa duba shi duk mako, saboda yakan zauna ya yi ta tsinkar soson da ƙananan hantsakansa. Salatif kuwa kada ka dogara da shi, danshi na sa shi saki.

Sauran wuraren da ake mantawa: 'yar ƙofar zuba abinci da aka bari a buɗe, gefen da fitila ta zauna, da matacin ruwa irin wanda ake ratayawa a bayan tanki. Wannan na ƙarshen kirefish kan bi ta inda ruwa ke zubowa ya shige cikinsa, daga can kuma ya ture murfinsa ya fice.

In na rage ruwan tankin, ba sai na huta da murfi ba?

A'a. Rage ruwa taimako ne, ba madadin murfi ba. Barin tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ruwa da bakin tanki yana sa ya kasa miƙa hantsaki ya kama baki kai tsaye, kuma da zarar ya fito daga ruwa nauyin jikinsa na dawo masa, hawan ya yi wuya. Amma muddin akwai tiyo ko waya da ta haura, tazarar ba ta hana shi komai. Haka nan ka dubi kayan adon da ka jera. Itace ko tarin duwatsun da suka kai kusa da sama, ka matsar da su tsakiya, nesa da bango.

Wani ya ce in shafa mai a bakin tankin don ya riƙa zamewa.

Kada ka yi. Man zai gangara cikin ruwa ya shimfiɗu a sama ya hana iska shiga, ka ga ka ƙara masa dalilin gudu ke nan.

Murfin da ya rufe ruf ba zai hana shi iska ba?

Tambaya ce mai kyau, domin akwai masu toshe ko'ina har su haifar da matsalar da suke gudu. Iska tana shiga ruwa ne ta samansa, kuma motsin saman ruwan ne ke sa ta shiga da sauri. In kana da famfon iska, ai daga waje yake zuƙo sabuwar iska yana turawa ciki, kuma soson da ka toshe ramuka da shi iska na ratsa shi. Wannan ya wadatar. In zafi ya yi yawa, murfin gilas na riƙe zafi, sai ka musanya wani ɓangarensa da raga. Yawancin irin da ake kiwo a gida sun fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 25, ko da yake waɗanda suka fito daga arewacin Ostareliya sun fi son ɗumi.

In wuta ta ɗauke fa?

Nan ne ake yawan asara. Famfo ya tsaya, matacin ruwa ya tsaya, iska ta fara raguwa daga ƙasa, shi kuma ya nufo sama, a cikin duhu, lokacin da kowa ke barci. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka tanadi ɗan famfon iska mai aiki da batir tun kafin ka buƙace shi. In babu, ka riƙa ɗiban ruwan tankin da kofi kana zubo shi daga sama lokaci-lokaci. Kada ka ba shi abinci har wuta ta dawo, ba zai mutu da yunwar kwana ɗaya ko biyu ba, ragowar abinci kuwa iska take ci. In abin ya yi tsawo, ka rage ruwan sosai, ka sa dutse a tsakiya inda zai hau ya ɗaga gefensa ya shaƙi iska, murfi kuma a rufe.

Biyu gare ni a tanki ɗaya, ƙaramin ne kullum ke neman fita.

Korar sa ake yi. Kirefish ba ya son maƙwabci. In biyu suka haɗu sai sun gwada ƙarfi, wanda aka kayar kuma a daji tafiyarsa yake yi ya bar wurin. A tanki babu inda za shi sai sama. In ka toshe saman ma ba ka raba su ba, wata safiya za ka tarar da shi babu hantsaki, ko ka tarar da ɓawonsa kawai.

Shawarata ɗaya a tanki ɗaya. Matsakaicin kirefish guda yana buƙatar tanki mai cin lita 75 ko fiye, kuma faɗin ƙasa ya fi masa amfani a kan tsawo. In ka nace sai ka haɗa su, tankin ya zama babba, maɓoya ta fi yawansu, kuma a jera kaya yadda ba za su riƙa hangen juna ba. Guntun bututun roba da ya ɗan fi jikinsa faɗi maɓoya ce mai kyau, haka ma tukunyar fure ta ƙasa da aka kwantar. Ka ba shi yashi ko ƙananan tsakuwa ya samu abin tona. Kirefish da ke da ramin da ya yarda da shi ba ya cika damuwa da bakin tanki.

Wannan ba zancen tausayi kawai ba ne. A 2014 wasu masu bincike a Faransa sun wallafa a mujallar Science cewa jan kirefish da aka takura wa yana nuna hali mai kama da fargaba, yana ƙin shiga wuri mai haske, kuma da aka ba shi maganin rage fargaba irin na mutane sai ya sake. A Birtaniya ma dokar 2022 kan walwalar dabbobi ta sa kirefish da ƙaguwa da danginsu cikin halittun da ake ɗauka suna jin wahala.

Saɓa tana da alaƙa da tserewa?

Tana da ita. Kirefish ba ya girma sai ya tuɓe tsohon ɓawonsa. Ƙanana na yin saɓa akai-akai, manya kuwa jefi-jefi. Kafin ya yi, yakan daina cin abinci, ya janye sinadarin kalsiyam daga ɓawon ya tara shi a matsayin 'yan duwatsu biyu a cikinsa, sannan ya nemi wurin da babu mai ganinsa, domin bayan saɓa jikinsa laushi gare shi na 'yan kwanaki, ko kifi na iya yi masa illa. In tankin ba shi da irin wannan wuri, zai yi ta kai-kawo yana nema, neman kuma na iya kai shi waje. In ya gama, ka bar masa tsohon ɓawon a ciki. Cinye shi yake yi ya mayar da kalsiyam ɗin.

Akwai irin da ba ya tserewa?

Babu. Akwai fiye da iri 600 a duniya, mafi yawansu a kudu maso gabashin Amurka, sai Ostareliya, kuma duk wanda ya shigo tankin gida yana hawa. Bambancin a salo ne. Jan na fadama da ɗan'uwansa shuɗi na Filorida, Procambarus alleni, su ne gwanayen hawa da naci. 'Yan Ostareliya na dangin Cherax manya ne, wasu kan haura santimita 20, su ƙarfi suke sawa su ture murfi. Ɗan ƙaramin nan mai ruwan lemo, Cambarellus patzcuarensis, wanda asalinsa tafkin Patzcuaro ne a Meziko, bai fi santimita 4 zuwa 5 ba. Ba ya iya ɗaga komai, amma ramin da ba za ka ko kula da shi ba ya ishe shi. In mace ta ƙyanƙyashe maka 'ya'ya kuwa, sai ka sake duba ko'ina da sabon ido, ka kuma sa soso a bakin bututun da ke zuƙar ruwa.

Yau na kawo shi gida. Akwai abin da zan kula da shi?

Makon farko shi ne mafi haɗari. Bai san wurin ba, ruwan baƙo ne a jikinsa, zai bi kowace kusurwa. Ka gama shirin murfi kafin ya iso, ka tabbata tankin ya yi makonni yana aiki har ƙwayoyin halittar nan masu narkar da dafi sun zauna a matacin ruwa, ka rage haske. Ko bokitin da za ka ajiye shi na minti goma yayin wanke tanki, ka rufe shi.

Na duba tanki ban gan shi ba. Ina zan fara nema?

Cikin tankin tukuna. Sau da yawa yana nan, ya tona rami a ƙarƙashin dutse, ko ya shige cikin matacin ruwa, ko yana saɓa a ɓoye. Ka ɗaga kaya a hankali. In ka ga abin da ya yi kama da gawarsa, ka duba da kyau, wataƙila ɓawon da ya tuɓe ne, fanko.

In ka tabbata ba ya ciki, ka rufe ƙofofi, ka fitar da kyanwa ko kare in akwai, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki domin suna busar da shi da sauri. Ka fara da bayan teburin tankin da ƙarƙashinsa. Daga nan ka bi jikin bango, saboda ba ya son ratsa fili, gefe yake bi har ya samu duhu: ƙarƙashin kujera, bayan firji, cikin takalmi, bayan labule, banɗaki. Kada ka ce ai ba zai kai can ba. Nawa na farko ɗaki biyu ya ƙetare. A bayan kabad na same shi, ya naɗe da ƙura da zare kamar tsumma, har na yi zaton ya mutu. Da na miƙa hannu sai ya ɗaga mini hantsaki.

In dare ya yi ba ka gan shi ba, ka shimfiɗa jiƙaƙƙun tawul a gindin bango a ɗakuna daban-daban, ka ajiye faranti mara zurfi da ruwan tankin. Danshi yake nema, da safe ka ɗaga kowane tawul ka duba.

Kwana nawa zai iya yi a waje?

Danshin wurin ne ke yanke hukunci. A busasshen ɗaki mai iska, 'yan sa'o'i na iya gamawa da shi. A wuri mai laima da sanyi yana iya kwanaki. A daji ma wasu irin a cikin ramin laka suke ƙetare lokacin fari. Don haka kada ka fid da rai a ranar farko.

Na same shi ya bushe amma yana motsi. In jefa shi cikin tanki?

Dakata. Ka kama shi ta baya, yatsu biyu a gefen ƙirji daga bayan hantsakan, inda ba zai iya juyowa ya cije ka ba. Ka samo roba mai murfi, ka zuba ruwan tankin kaɗan, daidai yadda zai kusa rufe bayansa amma yana iya ɗago kai. Dalili shi ne kogon numfashinsa ya cika da iska, yana buƙatar ya jiƙa shi a hankali ya fitar da ita. Za ka ga ƙananan kumfa na fitowa ta wajen bakinsa. Kana iya ɗan karkata shi gefe da gefe don ka taimaka masa. Ka cire masa ƙura da gashin da suka naɗe ƙafafunsa, ka rufe robar da murfi mai huji, ka ajiye a wuri mai duhu na 'yan sa'o'i. In ya miƙe tsaye, yana tafiya, yana kaɗa wutsiya in an taɓa shi, sai ka mayar da shi.

Ko ba ya motsi ma, ka yi masa haka kafin ka yanke cewa ya mutu. Ka zuba ido a kan 'yan gaɓoɓin bakinsa, su ne ke fara motsawa. In ƙafa ko hantsaki ya karye wajen faɗowa, zai sake tsirowa, ƙarami da farko, yana ƙaruwa da kowace saɓa. Kafin ka mayar da shi kuma, ka gano ramin da ya bi, ka gwada ruwan.

Na gaji da shi. Tunda waje yake so, ba sai in sake shi a rafi ba?

Wannan kam kada ka kuskura. Kirefish ɗin da ya shiga ruwan da ba nasa ba, fitar da shi sai dai a yi ta fama. Jan na fadama an kai shi Sifaniya a 1973, yanzu ya bazu a kudancin Turai yana huda gaɓar ruwa da gonakin shinkafa. An zuba shi a tafkin Naivasha na Kenya wajen 1970, ya cinye tsirran ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma wani iri mai zane-zane a jiki, Procambarus virginalis, wanda ya fara bayyana a hannun masu kiwon tanki a Jamus a tsakiyar shekarun 1990. Dukkansu mata ne, kuma suna haihuwa ba tare da namiji ba, wato guda ɗaya tak ta isa ta cika tafki. Haka ya mamaye ruwayen Madagaska.

Ga kuma cuta. Kirefish na Arewacin Amurka na ɗauke da wata annoba da ba ta cika kashe su ba, amma tana ƙarar da na Turai, inda ta fara ɓulla a Italiya wajen 1860. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta haramta ajiyewa da sayar da jan na fadama da mai zane-zanen tun 2016, Japan kuma daga watan Yunin 2023 ta hana sayar da jan ko sakinsa, ko da yake ta bar wanda ke da shi ya ci gaba da kiwo a gida. Ka binciki dokar inda kake kafin ka saya.

In ba za ka iya ci gaba da riƙe shi ba, ka nemi wani mai kiwo ya karɓa, ko ka tambayi inda ka saya ko za su amsa. Ruwan da kake canzawa ma kada ka zubar da shi inda zai gangara rafi ko tafki, musamman in akwai mace mai ƙwai a tankin, domin 'ya'yan da suka bar jikin uwa ba su kai santimita ɗaya ba, suna iya bin tiyo su shiga bokiti ba ka gani ba. Ka tace shi da raga, ka zuba a busasshiyar ƙasa nesa da magudana.